Yadda za ka zana jarrabawar Linux daga ɗakinka a ƙauye

Ina gyaran kwamfuta da koyar da matasa a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma tambayar da ƙannena suka fi yi mini ita ce: Yaya, shin sai mutum ya je Legas ko Abuja kafin ya samu takardar shaidar ƙwarewa a Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows? A'a. Daga ɗakinka ake zana ta, wani mai sa ido yana kallonka ta kyamara. Sai dai a wurinmu shirin kashi biyu ne, shirin hannu da shirin ɗaki, kuma na biyun ne ya fi kayar da mutanenmu.

Fara da zaɓen jarrabawa. Idan sabon shiga ne kai, Linux Essentials ta LPI, cibiyar da ke ba da takardun shaidar Linux, ta ishe ka: tambayoyi 40 cikin minti 60. Gaba da ita akwai LPIC-1, jarrabawa biyu ce, 101 da 102, kowacce tambayoyi 60 cikin minti 90, takardarta tana aiki shekara 5. Amma ni wadda nake tura ɗalibaina gare ta ita ce LFCS ta Linux Foundation, domin a cikinta babu zaɓi-ka-cika. Saba (server), wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci aiki, za a ajiye maka, a ce ƙirƙiri mai amfani, gyara wannan hidimar (manhajar da ke aiki a bayan fage) da ta ƙi tashi, saita wannan faifan ajiya ya riƙa haɗuwa da kansa duk lokacin da aka kunna na'ura. Awa 2 ake bayarwa, ana cin ta da kashi 67 cikin ɗari, kuma idan ka faɗi akwai damar sakewa sau ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba. RHCSA ta Red Hat ma aikin hannu ce, tana da daraja sosai, amma ka bar ta sai ka yi ƙwari.

Shirin hannu ba ya son tsada. Tsohuwar laftof mai RAM 8GB ta wadatar. Saka VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar gudanar da wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora nau'o'in Linux biyu, Ubuntu da Rocky Linux, a ciki, ka kashe musu fuskar linzami, ka zauna da baƙin allon rubuta umarni kawai. Kullum bayan asuba ka ba shi awa ɗaya. Ƙirƙiri masu amfani da useradd, sauya izini da chmod, tayar da hidima da systemctl, shiga wata na'ura ta ssh. Sannan ka lalata abin da ka gina da gangan, musamman fayil ɗin fstab mai jerin faifan da na'ura ke haɗawa idan an kunna ta, ka gyara. Wanda bai taɓa ganin saba ta ƙi tashi a gabansa ba, ranar jarrabawa hannunsa zai yi rawa. Kallon bidiyo kaɗai kamar koyon huɗa ne daga kan katanga. Kuma ka saba da umarnin man, mai nuna bayanin yadda ake amfani da kowane umarni, tun yanzu, domin a LFCS an yarda ka duba shi, amma ba a yarda ka shiga intanet neman amsa ba. Duk kalmar Turancin da ta shige maka duhu a cikin man, rubuta ta a littafi, domin da Turanci ake tambayar.

Yanzu ɗaki. Dole ya kasance kai kaɗai ne, ƙofa a rufe. Shagon kwamfuta ko wurin da jama'a ke shige da fice ba ya karɓuwa. Mai sa ido zai sa ka zagaya da kyamara ya ga bango da ƙarƙashin tebur, don haka cire kalanda, kwashe littattafai da takardu, ka bar tebur fayau. Ka sanar da uwargida da Inna tun ana gobe cewa awa biyu da rabi ba sallama ba aike. Yaro ɗaya ya leƙo yana iya jawo a tsayar maka da jarrabawa. Kai ma kada ka karanta tambaya da ƙarfi, ko da al'adarka ce.

Wuta kuwa, kada ka dogara da ta gwamnati ko da an kwana ana kawo ta. Cika batirin laftof, ka jona ta da sola ko inbata. Janareta in ya zama dole a kai shi nesa, saboda makirfo a buɗe yake. Intanet shi ne babban abin tsoro. Nemi ƙaramar na'urar Wi-Fi, ka gwada layuka biyu a cikin ɗakin da za ka zauna, a daidai lokacin da za ka zana, kwana da kwana. Idan da waya za ka raba data, ajiye ta nesa da tebur, kusa da taga, a jikin caja, kuma ka hana kira shigowa. Akwai gwajin na'ura da masu jarrabawar ke bayarwa kafin ranar. Yi shi da wuri, kada ka bari sai daren.

Lokacin da nake ba da shawara shi ne hantsi, tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya: yara sun tafi makaranta, rana ta fara cika batir, ga shi za ka gama kafin azahar. Guji ranar kasuwa, lokacin layi kan cunkushe. Da damina ka lura da hadari, da bazara kuma ka ɗaga laftof daga kan tabarma don kada ta yi zafi.

Sai maganar suna, wadda nake roƙonka ka ɗauka da muhimmanci. Sunan da ka yi rajista da shi dole ya yi daidai da na katin shaidarka, harafi da harafi. Idan fasfonka ya ce Mohammed, kada ka rubuta Muhammad. Tanadi ainihin fasfo ko lasisin tuƙi wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ba hotonsa a waya ba.

Kuɗin da dala ake biya, kuma a naira yana da nauyi. Linux Foundation kan yi rangwame mai yawa a ƙarshen Nuwamba, kuma bayan ka biya kana da wata 12 kafin ka zana. Saya a lokacin, ka yi shiri cikin sanyin hunturu, ka zana kafin zafin Afrilu ya sauko.