Yadda mai digirin kasuwanci zai kafu a aikin ƙaramar hukuma a Jihar Katsina

Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, kuma kowacce tana buƙatar wanda ya iya lissafi da rubutu. Amma yawancin waɗanda suka gama karatun kasuwanci ko gudanarwa, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman, tun a ƙofar shiga suke ɓata tafiyarsu.

Da farko ka duba wanda ya sa hannu a takardar ɗaukarka. Daga matakin albashi na 07 zuwa sama, Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha ce ke ɗauka, ita ke ƙarin girma, ita ke canjin wurin aiki. Mai digiri da ya gama hidimar ƙasa a mataki na 08 yake farawa. Idan ciyaman ya ce maka "fara zuwa ofis, za a gyara takardu daga baya", to ba ka zama ma'aikaci ba, ɗan wucin gadi ne kai, kuma ranar da wa'adinsa ya ƙare kai ma ka ƙare. Shekarun da ka yi a haka ba sa shiga lissafin fansho. Haka nan kada yunwar aiki ta sa ka karɓi mataki na 06 da takardar difloma alhali kana da digiri, da nufin za a daidaita maka nan gaba. Ana daidaitawa, amma sai an sha yawo tsakanin sakatariya da Katsina, ga kuɗin mota, ga waɗanda kuka gama tare sun wuce ka.

Sannan ka zaɓi layi. Layin mulki yana kai mutum kujerar daraktan mulki, layin kuɗi yana kai shi ma'aji. Ni dai shawarata ga mai digirin kasuwanci ya kama layin kuɗi, ya roƙi a fara kai shi sashen tara haraji. Wanda ya yi shekara yana bin rasit a kasuwa irin ta Mai'adua ko Charanci, ya san inda kuɗi ke zurarewa fiye da wanda ke zaune a ofis.

Ka nemi kundin dokokin kuɗi na ƙananan hukumomi, ka yi hoton kwafinsa, bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Kada ka taɓa sa hannu a bauca, wato takardar fitar da kuɗi, da babu amincewa a rubuce da rasit a jikinta, ko waye ya turo. Idan masu binciken kuɗi suka zo, sunan wanda ya sa hannu suke nema, ba su san wanda ya ba da umarni da baki ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, ido ya ƙara dawowa kan wannan teburin.

Bayan shekara 2 ka bi takardar tabbatar da kai a aiki, ba ta zuwa da kanta. Ka ajiye kwafin kowace takarda a gida, domin fayil yana ɓata. Ƙarin girma duk shekara 3 ne a matakan tsakiya, sai ka cika fom ɗin auna aiki a kan lokaci. Mai layin kuɗi ya nemi shaidar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ANAN ko ICAN, mai layin mulki ya nemi izinin ƙaro karatu a sashen nazarin ƙananan hukumomi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, Zariya, kuma ya karɓi izinin a rubuce kafin ya biya kuɗin rajista.