Kai ƙorafi kan masu gyaran magana da masu auna ji a Birtaniya: inda muke yin tuntuɓe

A bara wata maƙwabciyata ta shigo min da leda cike da takardu, idonta jajir. Mahaifinta, dattijon da ya haura saba'in, ya je wani shago aka auna kunnensa cikin 'yan mintoci, aka sayar masa da na'urar ji guda biyu da kuɗi masu tsoka. Mako uku na'urar tana masa ƙara kamar butar shayi ta tafasa, kunnen hagu kuma yana zubar da ruwa, amma wanda ya auna shi bai ko leƙa ciki ba, balle ya tura shi wurin likita. Ta ce min, "Yaya, na rubuta a Facebook, na kira shagon har na gaji, yanzu wa zan kai wa ƙara?" Tambayar tata ce ta sa na zauna na rubuta wannan, don na ga iyalanmu da dama sun faɗa rami ɗaya.

Babban kuskuren shi ne ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Hukumar da ke riƙe da rajistar masu gyaran magana da masu sayar da na'urar ji a duk Birtaniya ita ce HCPC. Dokar 2001 ce ta kafa ta, ta samu sunanta na yanzu a 2012, tana kula da sana'o'i 15, masu na'urar ji kuma sun shigo ƙarƙashinta a 2010. Mutane na rikita ta da RCSLT, wadda ƙungiyar masu sana'ar gyaran magana ce. Tana fitar da shawarwarin aiki, amma ba ta da ikon hana kowa aiki. Ita kuwa HCPC tambaya ɗaya take yi: wannan mutumin ya cancanci ci gaba da taɓa marasa lafiya? Ba ta binciken asibiti ko kamfani, ba ta rage maka dogon layin jira. Idan kuɗinka kake so a mayar, shagon za ka rubuta wa, kana dogaro da dokar haƙƙin mai saye ta 2015. Idan kuma matsalar jinkiri ce ko wulaƙanci a NHS, wato tsarin asibitocin gwamnati, a Ingila, ka fara da PALS, ofishin asibitin da ke sauraron koke-koken marasa lafiya, sannan ƙorafi a rubuce, wanda a ƙa'ida ake so ya shiga cikin wata 12. In amsar ba ta gamsar da kai ba, akwai ofishin ombudusman na lafiya, mai zaman kansa da ke sake duba irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Ana iya bin hanya biyu lokaci guda, kuma haka na ba maƙwabciyata shawara: kuɗi wurin shago, batun kunnen da ba a duba ba wurin HCPC.

Daga nan sai zancen diyya. HCPC ba ta biyan ko kwabo, ba ta kuma tilasta wa kowa ya ba ka haƙuri. Wanda ya shiga da wannan tsammani zai fito da ɓacin rai. Diyya aikin lauya da kotu ne.

Kafin ma a kai ga ƙorafi, mutum nawa ne a cikinmu ke duba rajista? Tana nan a intanet kyauta, suna ko lamba kawai za ka saka. Doka ta keɓe laƙabin mai gyaran magana da na mai sayar da na'urar ji, wanda ya ɗauka da niyyar yaudara ya aikata laifi. Haka auna ji da nufin sayar da na'ura, sai mai rajista. Amma a lura: laƙabin "odiyolojis", wato masanin auna ji, shi kaɗai doka ba ta keɓe shi ba, don haka ganinsa a jikin riga bai isa ba. Ka tambayi lambar rajista kai tsaye. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Sai yadda muke rubuta takardar. Na karanta wadda maƙwabciyata ta fara shiryawa: shafi uku, ba kwanan wata ko ɗaya, rabinta "azzalumi ne, ba ya tsoron Allah". Zafin ranta gaskiya ne, amma mai bincike ba abin da zai kama a ciki. Muka sake zama da rasit da katin alƙawari. Muka rubuta ranar da aka je, sunan wanda ya yi awon kamar yadda yake a rasit, abin da Baba ya faɗa masa game da ruwan kunnen, amsar da ya bayar, da wanda ke ɗakin ya ji. Shafi ɗaya ya isa. Ka nemi kwafin bayanan da aka rubuta a kanka. Haƙƙinka ne, yawanci kyauta, kuma a ƙa'ida za a ba ka cikin wata guda. Idan a madadin wani babba kake rubutawa, ka samu amincewarsa a rubuce. Kuma ka sani za a nuna wa wanda ake ƙara abin da ka faɗa don ya kare kansa, shi ya sa ƙorafin da ba suna yake da wuyar tafiya.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne shiru. "A bar wa Allah," ko "kada su daina duba min yaro." Tsarin NHS ya yi alƙawarin cewa ƙorafi ba zai shafi kulawar da za a ba ka nan gaba ba. Kuma aikin nan ba wasa ba ne. Mutane na ɗauka mai gyaran magana in'ina da tsamin baki kawai yake dubawa, alhali shi ke auna haɗiyar wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, shi ke cewa wannan sai kunu mai kauri, wancan kada a ba shi ruwa tsararo. In ya yi sakaci, abinci ya bi hanyar numfashi, sai ciwon huhu, wani lokaci har rasa rai. Shirunka ba kai kaɗai yake shafa ba, akwai tsohuwar da za a kwantar a gadon nan bayan mahaifiyarka.

Akwai kuma wanda muke haɗiyewa don mun ɗauka su suka sani. Uwa ta kai ɗanta mai jinkirin magana, a ce mata ta daina yi masa Hausa a gida, Turanci kawai. Ta dawo ta kulle bakinta, kaka ta kasa hira da jikanta. Jin harshe biyu ba ya haifar da matsalar magana, kuma shawarar RCSLT ita ce a auna yaro a duk harsunan da yake ji, da tafinta in akwai buƙata, ba a raba shi da harshen gida ba. Wannan ba lallai ya kai HCPC tun farko ba. Ki nemi ganin shugaban sashen, ki nemi a sake awon da tafinta. Kada kuma ki yarda a mayar da 'yarki mai shekara goma tafinta a ɗakin likita.

In takarda ta shiga, a yi haƙuri da tafiyarta. Za a fara tantance ko ta kai mizani, a tara hujja, sannan kwamitin bincike ya duba ko akwai tuhumar da za a amsa. In akwai, sai zama a gaban HCPTS, sashen shari'ar da aka buɗe a 2017, inda mutum uku ke saurare, ciki har da ɗan sana'ar da kuma wanda ba ma'aikacin lafiya ba. Abin da ya kai wannan mataki yakan haura shekara. Idan haɗarin babba ne, ana iya dakatar da mutum na wucin gadi har wata 18 kafin a gama. Hukuncin kuwa hawa-hawa ne: gargaɗi na shekara 1 zuwa 5, aiki bisa sharaɗi har shekara 3, dakatarwa har shekara 1, ko soke rajista, wanda sai bayan shekara 5 ake neman dawowa. Manufar kare jama'a ce, don haka wanda ya gane kuskurensa ya gyara yana iya tsira da hukunci mai sauƙi, ko da kai ka so a kore shi.

Wannan ya kawo ni kan 'yan'uwanmu masu sana'ar, musamman waɗanda suka zo daga Nijeriya da rajistar MRTB, hukumar da dokar 1988 ta kafa wadda ke kula da masu gyaran magana da masu auna ji a gida. In wasiƙar HCPC ta zo, abu mafi muni shi ne komawa fayil a gyara abin da aka rubuta a baya. Kwamfuta na ajiye ranar da aka taɓa komai, kuma kuskuren aiki da za a iya yafewa sai ya koma rashin gaskiya, wanda shi ya fi kai mutum ga soke rajista. Ɓoye labari ma haka: in wurin aiki ya dakatar da kai saboda halinka ko ƙwarewarka, ko kotu ta same ka da laifi, kai ne za ka sanar da HCPC da kanka, da wuri. Kada ka amsa wasiƙar cikin fushi kafin ka yi magana da ƙungiyarka ko lauya, kada kuma ka ƙaurace wa zaman, domin ana iya yanke hukunci ba ka nan. Ka kawo shaidar horon da ka ƙara da abin da ka sauya a aikinka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In hukuncin bai yi maka ba, kwana 28 gare ka ka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu.

Shi Baban maƙwabciyata, likitan unguwa ya duba kunnen ya ga ciwo ne, ya ba shi magani, ya tura shi sashen ji na asibiti. Shagon ya mayar da kuɗin bayan wasiƙa ta biyu. Takardar da ta aika wa hukumar kuwa an amsa mata da lambar fayil, ta manna ta a jikin firji tana jira.