Yadda za ka zauna da tsohon soja ka kwashi labarinshi

Jama'a in akwai ɗan mazan jiya a gidanku ko unguwarku, don Allah a daina jira. 'Yan Burma da suka yi yaƙin duniya na biyu kusan duk sun kwanta dama, na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 su ma yanzu mafi yawansu sun haura saba'in da biyar. Mu nan Ƙofar Marusa a Katsina ƙanin kakana, tsohon soja, ya rasu ba mu ɗauki muryarshi ko sau ɗaya ba, har yau abin na ci min rai.

Je mishi bayan la'asar, da goro ko ɗan turare, ka durƙusa ka gaishe shi, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya. Kuma kar ka kuskura ka fara da "Baba mutum nawa kuka kashe", wallahi shiru zai yi kuma ka rufe ƙofar kenan. Ce mishi Baba a fiddo mana akwatin nan na ƙarfe mu gani. Kaya su ke buɗe baki. Yana riƙe bel ɗinshi ko butar ruwa ko mestin ɗin da ya ci abinci ciki za ka ji labari na zuwa da kanshi, ranar da ya shiga kurtu a dafo na Zariya inda ake horar da sababbin sojoji, yadda but ya sale mishi ƙafa, sitacin da ake zuba wa kaki har wando ya tsaya da kanshi, samanjan da ke duba fareti. Tambaye shi igiya nawa ya ɗaura, biyu kofur uku saja. Me suke ci, garin kwaki ne ko bulibif, wato naman gwangwani, wa ke rubuta mishi wasiƙa zuwa gida, ya suke salla da azumi cikin rami a fagen daga ana ruwan saman kudu wanda ɗan Katsina bai taɓa ganin irinshi ba. Bindiga ma FN ce ko Maka Fo. Ka nemi lambarshi ta soja, ita ba su mantawa, da bataliyarshi da garuruwan da suka bi, Nsukka ko Inugu ko Anacha. In ya yi shiru idonshi ya kawo ruwa ka kashe wayar, gobe ma rana ce.

Sai kayan. Takardar sallama da hotuna ka ɗauke su a waya shafi shafi ka tura wa 'yan'uwa, kar a yi musu laminatin, zafi na ɓata tsohuwar takarda. Kakin kar a wanke da omo, a kakkaɓe a shanya a inuwa a naɗe cikin farin ƙyalle da kafur, akwatin a ɗora kan bulo saboda gara. Lambobin girma a goge da busasshen tsumma kawai. Kar yaro ya sa kakin ya fita, laifi ne ga farar hula. In kun ci karo da harsashi ko gurneti a ƙasan akwati kar kowa ya taɓa, a sanar da 'yan sanda ko bariki.