Yadda nake tantance saƙo kafin in tura shi gaba

Ranar da muka fara Manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani, a zauren malaminmu, can cikin birnin Zariya wajen Ƙofar Doka, ya kasa mana dalala, wato yadda abu ke nuna wani abu, gida uku. Hayaƙi na nuna wuta, hankali ne ya ƙulla su. Nishi na nuna ciwo, wannan ɗabi'a ce. Kalmar "doki" kuwa mutane ne kawai suka yarda a kira dabbar haka. Sai da na je karatu Samaru na ji wani Ba'amurke, Charles Peirce, wanda ya rasu a 1914, shi ma ya raba alamu uku: mai kama da abu, mai sawun abu, da ta yarjejeniya. Rabon nasa bai zo ɗaya sak da na malaminmu ba, amma da shi nake duba wayata yau.

Idan hoto ko bidiyo ya shigo, fara tambayar kanka: sawu ne, ko kama ce kawai? Da can hoto sawu ne, sai haske ya taɓa abu kafin ya fito. Yanzu kwamfuta na ƙera fuska da murya ba tare da mai su ya buɗe baki ba. Don haka nemi sawun da maƙeri kan manta. An taɓa turo min bidiyon gobara wai a Sabon Gari, ana tsakiyar hunturu, ga ciyawa shar a bayan masu gudu, ba ko alamar hazo. Dubi lambar motoci, rubutun shaguna, harshen masu ihu. Ɗauki hoton allon wayar ka saka a Google Lens, manhajar da ke nemo hoto a intanet, sau da yawa za ka tarar tsohon abu ne na wata ƙasa.

Alamun yarjejeniya sun fi ruɗi, domin masu su kan sauya ma'anarsu ba sallama. Shuɗin makin nan na Twitter (X a yanzu) a da shaida ce cewa an tantance mutum. Daga 2022 ya zama abin saye da kuɗi.

Kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp kuwa na nufin ya bi hannu biyar ko fiye. Kawuna yana ganinta sai ya ce ai labari ya tabbata. Nakan ce masa, "Kawu, wa ya ji daga wa?" Kira wanda ya turo maka ka yi masa wannan tambayar. In ya ce shi ma a guruf ya gani, bar saƙon a inda yake.