Sabon zuwa Ingila: kawaicin da ka zo da shi

Ƙanena, barka da sauka. Na san tun kafin ka hau jirgi an cika maka kunne da labarin sanyi da tsadar haya. Duk gaskiya ne, amma rigar sanyi da ɗan lissafi suna maganin waɗannan. Abin da na ga ya fi tauye mutanenmu a ƙasar nan, daga gida muke tahowa da shi, kuma can abin yabo ne: kunya da kawaici.

Ka tuna yadda aka rene mu. In ka je gidan mutane aka kawo abinci, sai ka ce ka ƙoshi, sai an matsa maka sau biyu ko uku kafin ka sa hannu. In kana cikin matsala ba ka faɗa, wani babba zai karanta a fuskarka ya kira ka gefe. A nan ba mai karanta fuska. Bature ya tambaye ka ko za ka sha shayi, ka ce a'a, shi ke nan, ya ɗauke kofinsa. Ba rowa ba ce, ya ɗauka abin da ka faɗa shi kake nufi. Haka asibitinsu yake, haka makarantarsu, haka ofisoshinsu. Wanda ya buɗe baki shi ake yi wa.

Fara da likita. Yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, tun a makon farko, kada ka bari sai ciwo ya kwantar da kai. Rajistar kyauta ce, kuma in ɗalibi ne kai, ai ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a kowace shekara. To me kake jin nauyinsa? Ganin likitan kuwa kusan minti 10 ne. Ranar da na fara zuwa, da ya tambaye ni yaya jiki, sai na ce da sauƙi, kamar yadda za ka amsa wa mai dubiya. Na fito ban faɗi rabin abin da ya kai ni ba, sai da na sake jiran wani layin. Yanzu a takarda nake rubuta abin da ke damuna, da ranar da ya fara, in karanta masa tiryan-tiryan.

A jami'a abin ya fi ciwo, domin can kawaici yana cin maki. Yaro zai zauna wata uku bai gane abin da ake nufi da rubutun nazari ba, ga malamin ya ware sa'o'in ganin ɗalibai a ofishinsa, amma ba zai je ba don kada a ce bai iya ba. Aka yi masa rasuwa a gida, ko ya kwanta jinya, akwai hanyar neman ƙarin wa'adin miƙa aiki, sai dai yawanci kafin ranar ta cika ake nema. Shi kuma ya yi shiru yana haƙuri, har ranar ta wuce. Haƙuri halin kirki ne, amma ofishin jarrabawa fom yake gani. Matambayi ba ya ɓata. Kuma in malamar ta ce ka kira ta da sunanta na yanka, kira ta. Ni ma sai da na yi watanni harshena yana nauyi, na ga dai ita ko a jikinta.

Sai neman aiki, inda "yabon kai jahilci" ke kayar da gwanaye. Ana tambayarka abin da ka yi a wurin aikinka na baya, kana ta "mun yi, mun gyara", idonka a ƙasa don ladabi. Su kuma suna so su ji abin da kai ka yi da hannunka, kuma sunkuyar da kai a wurinsu alamar rashin tabbaci ce. Faɗin gaskiyar aikinka ba fahariya ba ce. Ka samu aboki ka yi ta gwaji da shi har "na yi" ta zauna a bakinka. Batun lafazin Turancinka kuwa, kada ya hana ka barci. Je ka saurari mutumin Gilasgo ko na Libaful, 'yan Landan ma sai sun ce ya maimaita.

Akwai kuma ɗan'uwan kunya, wato "me za a ce a gida". Mai digiri biyu ya ƙi aikin sito ko na kula da tsofaffi don kada labari ya kai unguwa, yana zaune bashi na hawa. Girman kai rawanin tsiya. Yi aikin, amma ka kiyaye doka: ɗalibin digiri sa'o'i 20 aka yarje masa a mako lokacin karatu, kuma ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba. Wanda ya ce maka ba a dubawa, ba shi za a soke wa biza ba. Haka likitocinmu masu jiran PLAB da ma'aikatan jinya masu jiran OSCE, wato jarrabawar samun izinin aiki a nan, wasu ba karatu ya gagare su ba, tsoron a ji sun faɗi ne ya sa suke ta ɗaga rana. Ana faɗuwa a sake, kuma ba a shelanta sakamakon a kasuwa.

'Yan gida za su riƙa buga fam da naira su ga kamar kana shara da kuɗi. Faɗa wa su Baba gaskiyar kuɗin haya tun da wuri, ka yanka abin da za ka iya aikawa. Ya fi ka ci bashi don a ce ka isa.

Na bar hunturu a ƙarshe don shi ne ke shigowa ba sallama. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin sa'o'i huɗu. Sai ka ga ba ka son fita, barci ya rikice, littafi a buɗe amma ba ya shiga. Mu kuma mun saba cewa wannan raunin imani ne, sai mutum ya ƙara ɓoyewa. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ɗaurin a nan shi ne ka yi addu'arka kuma ka nemi magani. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, masu duhun fata irinmu ma duk shekara. A Ingila kana iya neman ganin mai ba da shawara kan damuwa ta shirin Talking Therapies da kanka, ba sai likita ya tura ka ba. In dare ya yi maka tsawo, lambar Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa, 116 123, kyauta ce, kowane lokaci.

Ranar Juma'a kuma kada ka sallame ka zari takalmi. Tsaya a ƙofar masallaci ka kasa kunne, in ka ji Hausa ka matsa ka yi sallama, ka ce kai baƙo ne, ka karɓi lambar waya. In aka ce ka zo cin tuwo ranar Lahadi, amsa tun a karon farko.