Yadda ake zama makiɗin fim a Kannywood har a ci abinci da sana'ar

Ka kunna duk wani fim mai dogon zango da ke tashe a YouTube, ka rufe ido ka saurara. Ban da maganar 'yan wasa, akwai wani sauti da ke bi ta ƙarƙashi. Shi ke zabura in uwar miji ta banko ƙofa, shi ke lafawa in an zo zaman makoki. 'Yan fim suna ce masa bakgirawun. Mai haɗa shi daban yake da mawaƙin da ake jin muryarsa, kuma an daɗe a Kannywood ba a ɗauki aikinsa a bakin sana'a ba. Tun da waƙa da rawa suka kama kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, hankalin furodusa na kan waƙa, don ita ke sayar da kaset a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano a wancan lokacin. Sauran sautin kuwa, edita ne ke tsinto shi daga fim ɗin Indiya ko na Amurka ya liƙa, shi ke nan.

YouTube ne ya ɓata wannan lissafi. Yana da wani tsari mai suna Content ID da ke gane sautin da ke da mai shi, kuma da zarar ya gane, kuɗin tallan na iya komawa aljihun mai sautin, ko a toshe bidiyon gaba ɗaya. Furodusan da ya kashe kuɗi a lokeshan ba zai so wani kamfani a Mumbai ya kwashe masa riba saboda kiɗan daƙiƙa talatin ba. To nan ƙofarka take. Ga yadda ake shigarta.

Fara da zaman situdiyo

Ba a tsallake wannan. Ka nemi situdiyo, a Zoo Road ne in kana Kano, ko a Kaduna, Jos, Zariya, Maraɗi, duk inda kake, ka zama yaron gida. Za a aike ka sayen mai na janareto, za ka naɗe waya, za ka yi gadin ɗaki in oga ya fita salla. A cikin haka ne za ka ga yadda ake ɗaukar murya da yadda ake daidaita sauti. Ka dage da fiyano kullum, ko na awa ɗaya ne, har sai ka iya jin waƙa a rediyo ka nemo ta da yatsunka ba wanda ya nuna maka. Fiyanon Yamaha ne ya raini kiɗan finafinan Hausa tun shekarun 1990, kuma har gobe wanda hannunsa bai faɗa a kai ba yana tare da wahala.

Sai dai ka lura, yawancin ogannin situdiyo kiɗan waƙa suka sani, wanda ake ɗora ganga a kai daga farko har ƙarshe. Abin da kake nema ya wuce nan, kuma da kanka za ka ƙarasa koyonsa.

Kayan aiki, daidai ƙarfinka

Kwamfuta mai ɗan ƙarfi, ƙaramin fiyano da ake jonawa da ita, hedifon mai kyau, makirfo ɗaya da akwatin shigar da sauti. Sun isa. Manhaja kuma, ka zaɓi wadda za ta nuna maka bidiyo kana kiɗa a kai. FL Studio ita ce ta cika gari, Cubase ta fi ta sauƙin aiki da hoto, Reaper kuwa lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne. In kuɗi ya ragu, ka sa shi a inbata da batir kafin ka yi sha'awar manyan lasifikoki. Ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ya fi rashin kowace na'ura kashe gwiwa.

Koyi karanta hoto

Ɗauki sin ɗaya, wato fitowa ɗaya, daga fim ɗin da ka sani, ka cire sautinsa, ka yi masa naka. Gobe ka sake yi masa wani daban, wanda zai juya ma'anar. Mace tana zaune bakin gado tana kallon waya: da wani kiɗan jiran masoyi take, da wani kuma makirci take ƙullawa. Ranar da ka ga hoto ɗaya ya ba da labari biyu a hannunka, ka fara gane aikin.

Akwai ɗan lissafi a ciki. A ce daga shigowar mutum ɗaki zuwa inda ya ga takardar saki daƙiƙa 40 ne. In ka sa saurin kiɗa a bugu 90 a minti, bugu 60 ke nan, wato gaɓa 15 masu bugu hurhuɗu. Kana so sauyin ya faɗo daidai kan idonsa, sai ka ɗan ƙara saurin ko ka rage har su haɗu. Wannan shi ya raba ka da editan da ke yanko sauti ya ajiye duk inda ya faɗa.

Babban laifin sabon shiga shi ne cika wuri. Finafinanmu na magana ne, mutum biyu a falo suna musayar kalamai minti biyar. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, in kiɗanka yana hawa da sauka a daidai inda muryar mutum take, sai ya dagula wa mai kallo kunne. Ka koma ƙasa da muryar ko sama da ita, ka rage motsi, wani lokaci ma ka yi shiru ɗungurungum. Uba zai tsine wa ɗansa, ba ya bukatar taimakonka. Bari ya gama, ɗakin ya yi tsit, sannan ka shigo da zare ɗaya, wato sautin abin kiɗa mai tsirkiya.

A fim mai dogon zango, ka ba manyan taurarin labarin kowa ɗan karinsa, gajere, wanda yaro zai iya bi da fito. Ka yi shi kala-kala: na farin ciki, na tashin hankali, na kewa. In an kai kashi na ashirin, mai kallo zai ji karin ya san wa ke tafe tun kafin kyamara ta nuna shi. Kai ma ka huta da ƙirƙirar sabo duk mako.

Kayan kiɗanmu suna da masu su

A nan na fi son in daɗe, don a nan ne za ka fi ƙarfin duk wani sautin da ake saukewa kyauta a intanet. Bature ko Ba'indiye ba shi da gurmi, ba shi da kukuma. Amma fa kowane abin kiɗa a ƙasar Hausa da gidan da ya fito, kuma masu kallo sun sani ko da ba su iya faɗa ba. Kakaki da tambari na sarki ne. Kotso da taushi na fada ne. Kalangu tun asali na mahauta ne kafin ya zama na kowane biki, dundufa ta maƙera, shantu da ƙwarya na mata a cikin gida, sarewa tana kai hankali ga makiyayi da daji. Goge da garaya kuwa, a kunnen dattawa da yawa, suna ɗauke da ƙamshin bori.

Na taɓa yin kuskuren nan. Wani alhaji ne a labarin zai fito daga mota, ɗan kasuwa mai ji da kansa, sai na ga bari in ƙara masa kwarjini, na sa masa kakaki. Muna kallo a ɗakin edita, wani dattijo cikin 'yan wasan da ya zo karɓar sallamarsa ya leƙo, ya saurara, ya ce, "Yaro, yaushe aka naɗa shi?" Dariyar da aka yi min ranar ta ishe ni darasi. Na cire, na sa kalangu can ƙasa-ƙasa kamar ana yi masa kirari daga nesa, sai ga shi ya zauna daram.

Kuma kar ka dogara da gogen cikin fiyano, ƙarya ce da kowa ke ganewa. Nemi mai gogen gaske, ka biya shi, ka ɗauke shi awa biyu: dogon ja, gajere, mai kuka, mai zolaya. Haka mai sarewa, haka mai kalangu. Ka yanka ka adana kowanne da sunansa. Cikin shekara ɗaya za ka tara rumbun da babu mai irinsa. Ka dai gaya wa makaɗin gaskiya cewa a fim za a yi amfani da shi, kuma ba sau ɗaya ba, ku daidaita a kan haka.

Aikin farko

Furodusa ba zai neme ka ba, bai san da kai ba. Edita shi ne mutuminka, domin shi ke kwana yana neman sautin da zai rufe sin. Haɗa gajerun misalai uku ko huɗu, kowanne bai wuce minti ɗaya ba, da hoto a kai, ka tura masa ta WhatsApp. Masu gajerun finafinai da 'yan barkwancin intanet da ɗaliban Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos duk suna bukatar kiɗa kuma ba su da kuɗi sosai. Yi musu da sauƙi, amma da sharaɗin sunanka ya fito a rubuce. In a Kano kake aiki, ka je Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001, ka ji abin da ake bukata na rajista, kar sai aiki ya zo a tsaya neman takarda.

Maganar kuɗi, tun kafin ka taɓa fiyano

"Ai mu 'yan'uwa ne, in fim ya fita za mu ga juna." Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya ji wannan jimla, kuma ya san yadda take ƙarewa. Ni ma wani furodusa ya taɓa yi min ita, na yi masa kashi goma sha uku, fim ya fita, har yau muna gaisawa a wajen ɗaurin aure. Tun daga lokacin, sai an ba ni rabi kafin alƙalami, cikon kuma ranar miƙa aiki. Kafin cikon ya shigo, abin da nake turawa na dubawa ne kawai, mai ɗauke da wata 'yar ƙara da ke shigowa jefi-jefi, yadda ba za a iya sakinsa haka ba.

Ku rubuta yarjejeniya, ko shafi ɗaya ce. Ta faɗi kashi nawa za ka yi, nawa ne kuɗin kowanne, gyara sau nawa ne kyauta, da yadda za a rubuta sunanka. Abu mafi nauyi a ciki shi ne wa ya mallaki kiɗan. Ko dai ka sayar da shi ɗungurum, ko ka ba da izinin amfani da shi a wannan fim kaɗai, mallaka tana hannunka. Farashin biyun ba ɗaya ba ne, na farko ya kamata ya fi tsada nesa ba kusa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta amincewa da sayar da haƙƙi sai a rubuce, kuma kariyar kiɗa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Wato abin da kake sallamawa a kan kuɗin cefanen mako ɗaya, gadon jikokinka ne. In mallakar tana hannunka, ka yi rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙin makiɗa irin MCSN, ka kuma riƙa ajiye takardar da ta jera kowane kiɗa da sunansa da tsawonsa da kashin da ya fito.

Tarko ɗaya: in ka ɗora kiɗan a manhajojin sauraro ka kunna masa Content ID, na'ura ba ta san mutunci ba, tashar furodusanka za ta fara kamawa. Ka sa a cire tasharsa daga ciki tun kafin fim ya hau, in ba haka ba ka yi aikinka na ƙarshe da shi.

Miƙa aiki

Kar ka fara sai an ba ka hoton da aka gama yankawa, kuma darakta ya tabbatar da bakinsa ba za a sake taɓawa ba. In aka cire daƙiƙa uku a tsakiya, duk lissafinka ya rushe. Ku zauna da shi ku kalli kashin tare, ka rubuta inda kiɗa zai shiga da inda zai fita. Darakta ba zai ce maka ka sauya maɓalli ba, zai ce "ina so a ji tausayi amma kar ya yi yawa", fassarawa aikinka ne.

Ka fitar da sauti a WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, a kan 48kHz, wanda shi ne ma'aunin bidiyo, ba 44.1 na faifan CD ba. Ka raba shi: ganguna daban, zare da busa daban, sauran daban, duk su fara daga wuri ɗaya, don edita ya iya rage ganga in ta danne magana ba tare da ya kashe komai ba. Ka tura a matsayin fayil, kar WhatsApp ya matse shi. Kafin ka tura, saurara a lasifikar ƙaramar waya, domin da ita akasarin masu kallo za su ji. Duk wani gurnanin ƙasa da ya girgiza situdiyo, a waya ɓacewa yake yi.

Tsakanin aiki da aiki

Bakgirawun kaɗai ba ya riƙe gida a shekarun farko. Kusan kowa yana haɗawa da kiɗan waƙoƙin biki, da tallan rediyo, da waƙoƙin siyasa in kakarsu ta zo, wasu da sautin shirye-shiryen tashoshi irin Arewa24. Karɓi waɗannan ba kunya, su ke sayen batir. Amma ka ware wa aikin hoto ranakunsa, don fim mai fita duk mako ba ya jira: sau da yawa hoton zai iso maka saura kwana biyu a saka shi. Abin da ke ceton ka a irin wannan dare shi ne rumbun nan da ka tara da karin taurarin da ka riga ka yi kala-kala. Ka ajiye su a wuri biyu, ɗaya a ma'ajiyar kwamfuta ta waje (hard disk) da ba ta kwana a situdiyo.