Yadda mai ɗaukar ma'aikaci zai auna shaidar ƙwarewa da ke kan LinkedIn

Masu ɗaukar ma'aikata a Maradi, musamman ƙungiyoyin agaji da bankuna da ƴan kasuwar da harkarsu ta kai su riƙe akanta na dindindin, sun fara leƙa shafin mai neman aiki a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, kafin su kira shi ganawa. Abin da ya fi ɗaukar ido a wurin shi ne jerin fannonin da mutum ya ce ya ƙware a kansu, da adadin waɗanda suka shaide shi a ƙarƙashin kowane fanni. Wannan adadi yana da amfani, amma amfaninsa bai kai yadda ake zato ba, kuma wanda ya dogara da shi kaɗai zai iya barin gwani ya ɗauki mai yawan abokai.

Ya kamata a fara da sanin yadda ake ba da shaidar. LinkedIn ya fara aiki a 2003, ya ƙara wannan tsari a 2012, kuma kamfanin Microsoft ya sayi dandalin a 2016. Mai shafi ne yake rubuta fannoninsa da kansa, sannan duk wanda ke cikin abokan hulɗarsa na kai tsaye yana iya danna maɓalli sau ɗaya ya shaide shi, ba tare da an nemi hujjar cewa ya taɓa ganin aikinsa ba. Idan adadin ya haura 99, abin da ake nunawa shi ne 99+, kuma mai shafi yana da ikon ɓoye shaidar da bai so. Saboda sauƙin abin, mutane da yawa suna yin ba-ni-in-ba-ka, ɗan ajinsu ya danna masa a yau shi ma ya rama gobe. Ba na ganin wannan a matsayin mugun nufi, domin yawanci zumunci ne da kara, sai dai kara ba ta hana kuskure a littafin kuɗi.

Don haka idan ka buɗe shafin mai neman aiki, kada ka tsaya a kan adadin, ka danna shi ka ga sunayen. Tambayar da za ka yi wa kowane suna ita ce: wannan mutum ya taɓa zama inda zai ga aikin da idonsa? A ce kana neman akanta, sai ka tarar mutum arba'in sun shaide shi a kan Excel, amma da ka duba sai ka ga galibinsu abokan karatunsa ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wasu ma a fannin noma ko kiwon lafiya suke. Wani mai neman kuma mutum huɗu ne kawai suka shaide shi, sai dai biyu daga cikinsu sun shugabance shi a wurin da ya yi aiki, ɗaya kuma mai binciken kuɗi ne. Shaidar huɗun nan ta fi ta arba'in nauyi nesa ba kusa ba. Abin kamar binciken aure ne, inda ba a tsaya ga maganar abokan ango ba, sai an ji ta bakin maƙwabta da waɗanda suka yi ciniki da shi.

Daga nan sai ka haɗa fannonin da tarihin aikin da ya rubuta. Wanda ya ce ya ƙware wajen tattara bayanai da manhajar KoboToolbox ya kamata a ga inda ya yi hakan, a wane aiki, a wace shekara, ko a ƙauyukan Madarunfa ne ko na Dakoro. Fannin da ba shi da gurbi a tarihin aiki abin tambaya ne ranar ganawa. Haka nan ka lura da irin fannin, domin abubuwa kamar shugabanci da iya hulɗa da jama'a kowa yana rubuta su kowa kuma yana shaidarsu, alhali shaida a kan takamaiman abu, kamar rufe lissafin ƙarshen wata ko kula da sito, ba kasafai wanda bai san aikin ba yake ba da ita ba.

Akwai wani sashe na daban a shafin da na fi ba muhimmanci, wato rubutacciyar shaida, inda mutum yake zama ya rubuta ƴan jimloli da sunansa, tare da bayanin alaƙarsa da mai shafin, ko shugabansa ne ko abokin aiki. Ka karanta ta a natse. Wadda ta ce wane mutumin kirki ne mai ƙwazo ba ta gaya maka komai ba. Wadda ta ce ya karɓi sito babu tsari ya mayar da shi yadda kaya ke shiga su fita da takarda, ita ce ta fito daga wanda ya gani. Sai dai a tuna cewa mai shafi ne yake zaɓen wadda za ta bayyana, saboda haka ba za ka taɓa ganin suka a wurin ba.

Abin da zai biyo baya ba a intanet ake yin sa ba. Ka nemi izinin mai neman aikin, ka kira mutum biyu daga cikin waɗanda suka shugabance shi, ka tambaye su aikin da ya yi a hannunsu da inda yake da rauni, sannan ka tambaya ko za su sake ɗaukarsa idan dama ta samu. Ɗan jinkirin da mutum ya yi kafin ya amsa wannan tambaya ta ƙarshe yakan faɗi abu mai yawa. Bayan haka ka ba shi gwaji na gaske: ka ajiye masa kwamfuta da tarin rasitai na wata guda waɗanda ka cire sunayen mutane daga cikinsu, ka bar kuskure ɗaya ko biyu a ciki da gangan, ka ce ya daidaita su da takardar banki. A cikin awa guda za ka san abin da shaida ɗari ba ta nuna maka ba. Dokar ƙwadago ta Nijar kuma ta amince da lokacin gwaji a farkon kwangila, sai a rubuta shi a fili.

Wani abu da ke damuna ƙwarai shi ne yadda ake iya zaluntar wanda ba shi da shaida ko kaɗan. A jihar nan akwai ƙwararru da yawa, ciki har da mata da waɗanda suka daɗe suna aiki a karkara, da ba su da shafi, ko suna da shi amma tsadar intanet da ƙarancin lokaci sun hana su kula da shi. Rashin shaida ba hujja ba ce ta rashin iyawa, don haka takardun da suka zo ta hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato ANPE, ko aka kawo da hannu su ma a yi musu gwaji iri ɗaya.

Shi kuma mai neman aiki, ya rubuta fannoninsa da sunayen da ake amfani da su a sanarwar aiki, domin da su masu ɗauka suke bincike, ya cire waɗanda ba zai iya kare su a gaban mai gwaji ba. Idan kwangilarsa ta kusa ƙarewa, ya roƙi shugabansa rubutacciyar shaida tun kafin a rabu, ya tuna masa takamaiman aikin da suka yi tare domin ya ambace shi a ciki.